Ranar da Mai Shara Ya Share Sunan Surukina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Hauwa'u ba. A lokacin ina neman auren Hauwa'u, kuma ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Gwallaga wanda nake kira "kamfani" in ina gabanta.

Ba wanda ya roƙe ni. Ni na ce zan rubuta manhajar da za ta riƙa nuna hoton kowane babban baƙo da sunansa a allon zauren biki da ke hanyar Tirwun. (Akwai irinta kyauta, amma ina burgewar take?) Na rubuta gangar jikin manhajar da yaren kwamfuta da ake kira C, na dasa wani yaren mai suna Lua a ciki don ya riƙe sunayen.

To shi Lua yana da mai shara, wanda ke zagayawa yana kwashe duk abin da ya ga ba a riƙe da shi. Ni kuwa na ari sunayen zuwa ɓangaren C ban gaya masa ina amfani da su ba. A shago da baƙi uku na gwada, shara ba ta taru ba balle ya fito aiki.

Ranar biki hotuna suka yi ta wucewa lafiya, ina tsaye ina gyara hula. Sai hoton Alhaji, mahaifin amarya, ya fito. Daidai nan mai shara ya ga dama ya share sunansa. Manhajar ta nemi suna ta rasa, ta cafke kuskuren kamar yadda na koya mata, ta buga saƙon da na rubuta wa kaina lokacin gwaji. A ƙarƙashin rawanin Alhaji, da manyan baƙaƙe: JAKIN NAN YA SAKE YIN SHIRME.

Wata gwaggo da ba ta gani sosai ta ce a karanta mata, aka kuwa samu mai taimako.

Washegari Alhaji ya aika a kira ni. Na durƙusa.

"Abdullahi, jakin nan, ni ne ko kai?"

"Ni ne, Baba."

"To madalla. Bakinmu ya zo ɗaya."

Ya dai ba ni Hauwa'u, bisa sharaɗin kada a kunna ko da rediyo a bikinmu in da hannuna a ciki. Yanzu duk abin da na ara daga Lua sai na yi masa rajista tukuna, don mai shara ya san ina riƙe da shi. Saƙon kuskure kuma nakan fara shi da sallama, don ban san a ƙarƙashin hoton wa zai fito ba.