Motar Surukina Tana Cikin Jirgi

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga ka, yanzu ko sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in dace, amma ba zan taɓa mantawa da shekarar da surukina ya yi odar mota ba. Ko yau na tuna sai in ji gumi ya tsatsafo min a ƙeya.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma ina malamin elementare a Tsanyawa. Na ɗan taɓa makarantar Midil, don haka duk takardar da ta shigo garin da Turanci ni ake kawo wa. (Tsakanina da ku, Turancin nawa bai taka kara ya karya ba. Amma tunda babu mai kama ni, da ƙarfi nake yin sa, ina ɗaga hanci.)

Surukina, wato mahaifin matata Hajara, fataucin shanu yake yi. Kowa Alhaji yake ce masa, ni kuwa Baba. Mutum ne marar yawan magana, in ya zuba maka ido sai ka fara laluben laifin da ka yi. Gwiwoyinsa sun fara gajiya, hawan doki zuwa kasuwannin shanu ya zame masa azaba, sai bayan kaka ya ce zai sayi mota. Sabuwa fil, ba kwance ba. A lokacin babu mai ita a garinmu.

Ni na raka shi Kano, wani kamfanin Turawa da ke kusa da tashar jirgi. Akawun wurin ya buɗe mana littafi ya nuna mana hotonta, Baba ya ɗora yatsa ya ce ita yake so. Aka yi rubuce-rubuce, na sa hannu a matsayin mai karɓar wasiƙa.

Akawu ya ce, "Motar ba ta nan, sai an kawo ta. In ta iso direbanmu zai kai muku har ƙofar gida."

Baba ya ce, "Yaushe?"

"Kwanan nan, Alhaji."

Da wannan "kwanan nan" muka hau motar haya muka dawo gida. Baba ya sa aka gina mata ɗaki a jikin zaurensa, aka sare shingen gonar bayan gida don a faɗaɗa mata hanya. Ni kuwa babu rumfar da ban zauna na ba da labarinta ba: launinta, ƙofofinta, irin gudunta. Wanda ya ji ni sai ya rantse ni na ƙera ta.

Wata guda ya wuce, shiru. Na biyu ya wuce, shiru. Na rubuta wasiƙa, ba amsa. Na sake rubuta wata, na cusa mata duk manyan kalmomin da na sani, ba amsa. Ta ukun ce aka amsa da wani ɗan kati mai layi biyu, wai sun ga saƙonmu, suna godiya. Shi ke nan. Ba rana, ba wata, ba a ma ambaci mota ba.

Sau biyu ina komawa Kano da kaina. Zuwan farko aka ce manaja ya tafi hutu. A na biyu na tsare akawun na ce, "Don Allah malam, ita motar nan ina take?"

Ya ce, "Tana hanya."

"Wace hanya?"

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ci gaba da buga tafiretarsa.

To ku da kuke karatun nan, ku sa kanku a matsayina. Kullum da yamma wajibi ne in je in gai da Baba. In na durƙusa na gama gaisuwa, sai ya ce, "Malam, sun ce wani abu?" Tambayar ke nan, ba ya ƙari, ba ya ragi. Har na fara bin ta cikin gonaki in na taso daga makaranta, ina raɓawa bayan jakunan da ke kai taki, don kada in bi ta ƙofar gidansa kafin lokaci. A gida ma ban tsira ba. Hajara tana ajiye min tuwo za ta ce, "Malam, Inna ta ce in tambaye ka…" Sai tuwon ya fita daga raina.

Ɗakin mota kuwa awaki suka mayar da shi nasu. Wata kaza har ƙyanƙyasa ta yi a ciki.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar da ta fara yawo a kasuwa, wai wasiƙun da nake rubutawa ne ba daidai ba, wai Turancina ne ya ɓata wa Turawan rai suka riƙe motar. Wani mahauci ya faɗa a gabana, yana dariya: "Malam, ko dai zaginsu kake yi ba ka sani ba?" Na yi dariyar yaƙe, amma a zuciyata na ce, wa ya sani? Na rame. Wandon kakina har sai da na ƙara masa huji a ɗamara.

Ana cikin haka, wata ranar Litinin cikin bazara, masinja ya zo a keke daga Bichi da tangaraho, wato saƙon waya daga kamfanin. Kafin in fito daga aji labari ya zaga gari. Na tarar da zauren Baba ya cika maƙil, aka miƙo min takardar. Na buɗe.

Kalmomin ba su da yawa. Na gane "motarku", na gane "Juma'a". Akwai kuma wata kalma a tsakiya da na san tana da dangantaka da jirgi, don na tuna hotonsa a littafin karatunmu na Midil. (E, na tuna har da ruwan da ke ƙarƙashinsa a hoton. Ban san abin da ya sa na kau da kai daga ruwan nan ba. Ina jin gajiya ce da cewa "ba su ce komai ba".)

Na gyara murya na ce, "Baba, albishirinku. An sa mota a jirgi ranar Juma'ar da ta wuce."

Zaure ya ɗauki kabbara. Baba bai motsa ba. Ya ce, "Wane jirgi?"

A nan ne ya kamata in ce ban tabbata ba. Amma ido ya yi min yawa, ga mahaucin nan a bakin ƙofa yana kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, wane jirgi muke da shi a Kano in ba na ƙasa ba? Daga Ikko ya taso. Yanzu haka ma ta iso, wanke ta suke yi."

"To yaushe za su kawo?"

"Ranar kasuwa," in ji ni, kamar da ni aka yi shawarar.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. In na tuna ruwan nan na cikin hoto, sai in ce wa kaina ai jirgi jirgi ne. Na ɗauko takardar na sake dubawa ya fi a ƙirga, ko za ta canza magana. Sau ɗaya har na kama hanyar gidan Baba don in ce masa a dakata, na tarar ana korar awaki ana share ɗakin mota, an ɗaure wani ƙaton rago a gindin darbejiya. Na gaishe su na juyo.

Ranar kasuwa tun da hantsi ƙofar gidan Baba ta cika. Abokan fataucinsa sun zo daga ƙauyuka, mahauta sun zo da masu kalangunsu, an yanka rago, mata suna ta girki a ciki. Na sa kakina mai guga na tsaya bakin hanya, na haddace jawabin godiya da Turanci. Azahar ta yi, shiru. Aka yi salla aka dawo, shiru. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Malam, har yanzu?" Ni kuwa addu'a nake yi, ko wace iri ce Allah Ya kawo mota.

Sai kuwa ga ta. Ta sako kai daga babbar hanya, sabuwa, tana ƙyalli. Launinta ba irin na hoton ba ne, amma a lokacin ko amalanke aka turo zan karɓa. Na daka tsalle na ce, "Ga ta nan!" Kalangu ya ɗauka, mata suka saki guɗa daga cikin gida. Na shiga tsakiyar hanya na ɗaga hannu biyu, dole ta tsaya.

Bature ne yake tuƙi, da wani malami a gefensa. Na ce a raina, ka ga girma, manaja da kansa ya kawo. Na buɗe ƙofa na kama hannunsa na shiga zuba masa jawabina, ban bar shi ya ce uffan ba. Na zagaya na ce wa malamin nan ya sauko mai mota zai zauna. Bawan Allah ya ga taro, ya sauko. Aka riƙo Baba, da babbar rigarsa ta Salla, aka zaunar da shi a gaba. Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Ban tsaya nan ba. Na leƙa baya na ga akwatuna jibge, na ce, "Kayan wa aka cika mana mota da su? A sauke!" Mahauta suka shiga saukewa. Sannan na koma wajen Bature na miƙa masa hannu, na ce da Turanci ya ba ni makulli.

Ya dube ni, ya dubi akwatunansa a ƙasa, ya dubi Baba. Sai ya ce, da Hausa tatacciya wadda ta fi Turancina nesa ba kusa ba, "Malam, lafiya dai? Ni likitan dabbobi ne. Allurar shanu na zo yi. Wannan motar gwamnati ce."

Kalangu ya mutu a hannun makaɗa.

Maimakon in yi shiru, sai na zaro tangarahon daga aljihu na ce, "Ranka ya daɗe, ai ga takarda." Ya karɓa ya duba, kuma saboda yana son ya taimaka, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, ai wannan jirgin ruwa ake nufi. Ranar Juma'a aka ɗora ta daga Ingila. Yanzu tana tsakiyar teku. In ta iso Ikko, sannan ta jira jirgin ƙasa. Ku ba ta wata biyu, ko uku."

Daga bayan taro mahaucin nan ya ce, "Malam, ashe wankin da ka ce ana yi mata, da ruwan teku ne!"

Dariyar da aka yi har mata a cikin gida sai da suka taya. Ni dai ba ita ce ta dame ni ba. Saukowar Baba ce. Ga gwiwa ba lafiya, motar kuma doguwa, sai da aka kama shi mutum biyu, yana tattare rigarsa, a hankali, a gaban abokan sana'arsa kaf. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya juyo ya dube ni. Na durƙusa a wurin.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, mayar masa da kayansa."

Ni kaɗai na mayar da akwatunan nan, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taya ni. Baba kuwa ya ce tunda an riga an yanka rago, baƙo ya sauka ya ci. Bature ya zauna a tabarma ya ci nama, ya ce bai taɓa zuwa garin da masu shanu suka taru suna jiransa da kiɗa ba.

Mako biyu ban taka gidan Baba ba, sai da Hajara ta ce in ban je ba ita za ta kai ƙarata da kanta. Na je na durƙusa na ba da haƙuri. Ya ce, "Da ka ce min ba ka gane ba, da mun nemi wanda ya gane. Tashi."

Motar ba ta zo ba sai da damina ta yi nisa. Ba takarda, ba sanarwa, wata ranar Laraba kowa yana gona, direba ya yi ta hon a ƙofar gida babu mai fitowa sai Inna, surukata. Ni ina aji aka zo aka faɗa min. Na ce ban yarda ba sai Baba ya aiko da kansa.

Sunan Malam Jirgi kuwa ya bi ni har na yi ritaya, wasu ɗalibaina ma sun ɗauka sunan yanka ne. Abin da na tsinta a wannan tereren bai wuce guda ba: "ban sani ba" magana ce gajera, kunyarta ta minti ɗaya ce. Ni da na ƙi faɗinta, ga shi har na tsufa ina ɗauke da akwatunan Bature.