A Kan Kwamfutar Da Kuka Tsufar Mini Ranar Talata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Sabuntawa,
na kamfanin da ya ƙera wasan tseren motocin nan,
mai ikon tsufar da abin da jiya yake da ƙuruciyarsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin mai saye ke miƙa wa babban mai sayarwa, da fatan fankokin ofishinku suna juyawa lafiya, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Aikina ya sa na san yadda dauloli ke tsufa, a hankali, cikin ƙarni biyu ko uku. Sai a wurinku na ga abu ya tsufa tsakanin Litinin da Talata.

Kwamfutata shekararta tara. Tana zaune a ƙarƙashin teburin da nake duba takardun ɗalibai, kusa da ƙafata ta hagu, kuma abu ɗaya tak nake nema a wurinta. Kowace Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, ni da yayana muna tseren awa biyu a wasanku ta intanet, kowa daga gidansa. Shi direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin a kan hanya kafin gwiwa ta sauke shi, kuma tsakanin garinsa da nawa tafiyar yini ce. Idan na kira shi a waya ba ma daɗewa: ya iyali, ya gwiwa, sai a gaida gida. Amma da ya kama sitiyarin roba ya maƙala abin magana a kunne, sai bakinsa ya buɗe. A cikin wasanku na ji abin da likita ya gaya masa, tun kafin matarsa ta ji. A kan wata kwana mai kaifi ya ba ni haƙuri game da wata magana ta shekara ashirin, sannan ya banke ni na faɗa rami. Wannan awa biyun ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ranar Talata kun aiko da sabuntawar da ba wanda ya roƙa. Da ta gama sauka, wasan ya tarbe ni da saƙo mai kyawun lafazi, cewa kwamfutata ba ta kai mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Na bincika don in ga me aka ƙara. Ashe yanzu kowane ganye na itatuwan gefen hanya yana motsi shi kaɗai, kuma ana ganin gajimare a cikin ruwan da ya kwanta a kwalta. Ranka ya daɗe, wa ya kawo muku ƙarar ganyen? Mutumin da ke tsala gudu, yayansa na binsa a baya yana kiransa ɗan koyo, yaushe ya ga ganye?

Na biyu. Na je wurin mai sayar da kayan kwamfuta da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, wanda kowa ke kira Injiniya, har da shi kansa. Ya ce magana ƙarama ce, katin hoto kawai zan sake, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a sikirin. Na saya. Ba zan faɗi kuɗinsa a nan ba, domin mai ɗakina tana karanta jarida. Ya ce in kawo ya sa mini, na ce a'a. Ni da na karanta littafin da ya zo da katin daga bango zuwa bango, har da shafukan da aka rubuta da harsunan da ban sani ba, ai ba na buƙatar kowa.

Tsohon katina kamar tafin hannu yake. Sabon kuwa bulo ne mai fanka uku, kuma ya fi gidan kwamfutar tsawo da yatsa biyu. Yatsa biyu, ranka ya daɗe. Da kamu guda ne da na haƙura. Na aro zarto a wurin maƙwabcina kafinta, na shimfiɗa tsohuwar jarida a falo, na yanke wani ƙarfe a ciki. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko gyara ake yi ko fiɗa.

Na uku. Da katin ya shiga, sai ya zamana yana son wutarsa daban, ta fulogi mai ido takwas. Nawa shida gare shi. Na sake akwatin wuta. Na kunna, wasan ya sake gaishe ni da saƙon nan, kalma ɗaya ba ta canza ba. Na kira Injiniya, ya ce lallai ram ce ta yi kaɗan, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi. Na sayo sabuwar yayi, ta ƙi zama, saboda an matsar da ƴar tsagar da ke ƙasanta da faɗin ƙwayar shinkafa. Ina so in sani, a wane taro aka yanke wannan shawarar? Mutum nawa suka ɗaga hannu? An yi tafi? Domin wannan ƴar tsaga sai da na sake bod, babban farantin da komai ke zaune a kansa, sabon bod ɗin kuma ya ce bai san tsohuwar furosesata mai yi wa kwamfutar lissafi ba, ba su taɓa haɗuwa ba. A ƙarshen mako na biyu, abin da ya rage na kwamfutata ta asali shi ne gidan da na yanka da maɓallin kunnawa. Na danna shi. Saƙonku ya fito, cikin ladabinsa na kullum.

Na huɗu, kuma a nan ina roƙon a sassauta dariya. Asabar uku ina aika wa Yaya cewa takardun jarrabawa sun yi mini yawa, shi kuma yana amsawa da cewa ba komai, aiki ya fi. Daga ƙarshe na ajiye girman kai na kira Injiniya gida. Ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, bai ko kunce jakarsa ba. Ya sa farce ya ɓalle wata ƴar baƙar roba a bayan katin, sai ga rami. Ya zare wayar sikirin daga ramin sama, na bod, inda na soka ta tun ranar farko, ya mayar da ita can.

Ya ce, "Malam, sati uku katin nan yana ciki yana shan iska. Ko harafi ɗaya bai zana maka ba."

Wato an rufe ramukan katin da murfi baƙi a kan baƙin ƙarfe don kada ƙura ta shiga, aka bar wani rami mai kama da su sak a buɗe, yana kiran mai karatu irina. Ram, bod, furosesa, duk ba a buƙace su ba. Na tambayi Injiniya me ya sa bai yi zargin haka ba tun farko, ya ce ai na gaya masa na karanta littafin. Na san za ku ce ba ku kuka ƙera murfin ba. Haka masu katin za su ce, haka masu bod. Na lura a sana'arku laifi ba shi da adireshi.

Na biyar. Asabar da ta wuce na shiga wasan. Gaskiya ya yi kyau, ina taya ku murna. Na tsaya a layin farawa tun huɗu saura, injina yana ruri. Huɗu da rabi na kira Yaya. Ya ce shi fa ya gaji da wasan nan, abin yara ne, mutum da jikoki ya zauna yana murza roba. Ya tambayi iyali, ya ce a gaida gida.

Matarsa ce ta kira ni daga baya, tana magana ƙasa-ƙasa daga kicin. Ta ce saƙon da kuka aiko mini, shi ma kun aika masa, a Talatar nan dai. Tasa kwamfutar ta girmi tawa da shekara biyu. Duk ranar da na aiko da uzurin jarrabawa sai ya yi ajiyar zuciya, domin na hutar da shi neman nasa uzurin. Ta ce har yanzu sitiyarin yana ɗaure a tebur, ya hana a cire, ranar Asabar yakan goge shi. Na ce zan aiko masa da kati. Ta ce in na kuskura, to in san ba zai sake ɗaga wayata ba, domin mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta ba zai karɓi abin wasa daga hannuna ba. Ta fi ni saninsa, amma a wannan ni ma na san shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba mayar da kuɗi nake nema ba, kuma ba na neman a hukunta kowa. Ku da kuka iya sa gajimare a cikin kududdufi, na tabbata ba zai gagare ku ba ku bar wata ƴar ƙofa ta baya, inda tsohon wasan zai ci gaba da aiki ga tsofaffin kwamfutoci da masu su. Hanya ɗaya ta ishe mu, da mota biyu. Sai in ce masa an gyara, ba tare da kowa ya ba kowa komai ba.

Idan kuma hakan ya saɓa wa tsarin ci gaba, to ina roƙon alfarma ɗaya. A cikin ma'aikatanku masu hazaƙa a samu wani ya rubuto mini abin da ƙani ke ce wa yayansa a waya bayan an gama tambayar lafiya. Ni dai na haura hamsin ban gano ba.

Naka mai biyayya har abin da sabuntawa ta gaba ta yi,
wanda ya durƙusa a gaban darajarka kamar yadda ya durƙusa a ƙarƙashin teburinsa,

Malamin Tarihi,
ƙanin direba.