Yadda Za Ka Kare Digiri a Kan Furen Shinkafar da Ta Ƙi Yin Fure

Saura kwana tara masu jarrabawa su iso, ga bokitanka arba'in na shinkafa a rumfar gwaji kore shar, ko ɗaya bai fitar da kai ba. In babu fure babu babi na huɗu a kundin bincikenka, in babu babi na huɗu an ƙara maka shekara. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawarin babu wanda zai manta da ranar kare digirinka. Ni da kaina na gwada su.

1. Tari mutane da bayani

Duk wanda ya leƙo rumfar, tsare shi a bakin ƙofa ka zuba masa babi na biyu. Ka ce ganyen shinkafa ne ke auna tsawon dare. Idan duhu ya yi tsawo, haske bai katse shi ba, sai ganyen ya haɗa wani furotin da ake kira florijin, ya aika shi ta jijiyoyin tsiro zuwa can cikin kara, inda ake yanke shawarar a daina ganye a fara fure. Faɗi haka da sauri kana kaɗa biro. Wanda bai gane abin da aka ce masa ba, kunya ba ta barinsa ya tambayi ina furen yake.

2. Kada ka ɗaga kai

A saman rumfar akwai wata ƙatuwar fitila mai ci tun magariba har gari ya waye. Kai ne ka rubuta takarda har uku kafin a kafa ta, bayan awaki sun cinye gwajin bara. Farfesa, mai duba aikinka, ya sa hannu da koren bironsa, har ya yabe ka a taro.

Mai gadi zai ce maka, "Dakta, Allah ya saka. Tun da aka sa fitilar nan, ko allura ce ta faɗi sai na tsince ta."

Ka amsa da amin. Kada ka kuskura ka haɗa maganarsa da babi na biyu. Cikakken masani yana ajiye abin da ya rubuta daban, abin da ke gaban idonsa daban.

3. Fesa jibarelin

Shi wannan sinadarin aikinsa miƙar da kara. Ba zai rubuta wa ganye saƙon da ganye ya ƙi rubutawa ba, amma a ƙalla za a ga kana ɗauke da abin feshi. Kafin mako ya zagayo shinkafar ta yi zaƙwal, ta fara kwanciya a kan juna.

Farfesa zai tsaya ya riƙe ƙugu. "Wai rake muke bincike a kai ne?"

"Ranka ya daɗe, shiri take yi."

Rubuta haka a littafinka da kwanan wata.

4. Raba laifi

Iri, ruwan famfo, takin da aka sayo, mai kawo bokitai. Kowa ya samu rabonsa, kada a ce ka yi son kai.

5. Yi haƙuri da mai shara

Iya mai shara za ta ja ka bayan sito, inda bango ya kare hasken fitilar. A can ta ajiye bokitai ukun da ka yar tun farko don sun yi maka yawa. Za ka gan su sun fitar da kai, fure ya yi musu fari fat.

"Iya, me kika zuba musu?"

"Ruwan wanke tsintsiya. Ɗan nan, ni ban yi boko ba, amma taku shinkafar yaushe rabonta da ganin duhu?"

Za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Shekara shida kana karanta wannan maganar da Turanci. Haɗiye, ka ce batun ya fi haka zurfi, sannan ka roƙe ta aron bokitan. Wanke su sosai ka manna musu lamba.

6. Ranar kanta

Jera ukun nan a sahun gaba, sauran talatin da bakwai... a'a, arba'in ɗin duka ka tokare su da sanda a baya. Mai jarrabawar da ya zo daga waje, dattijo ne mara hayaniya, zai shafa furen ya tambayi abin da ya bambanta waɗannan da sauran. Ka ce yanayi ne.

Zai ɗaga kai ya dubi fitilar. Zai dubi Farfesa. Farfesa zai duƙufa neman wani abu a aljihu. Daga nan dattijon zai buɗe babi na biyu, shafi na talatin da ɗaya, ya ce ka karanta wa zauren. Gyara murya ka karanta da ƙarfi, domin duk cikin kundin babu inda ka faɗi gaskiya kamar wurin.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, walau ƙarin shekara ko tambayoyin mutanen gida. Mai ƙorafi ya same ni a rumfar gwaji, ina shekara ta bakwai. Fitilar tana nan tana ci, don kashe ta sai da takarda, takardar kuma sai Farfesa ya sa hannu cewa hannun da ya sa a baya kuskure ne. Bokitaina na bana suna bayan sito, Iya ce ke duba aikin.