Lambar Sirrin da Na Faɗa a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa a ƙofar ɗakin surukina ina addu'ar ƙasa ta tsage ba. Wata huɗu ke nan da aurena, muka taso daga Daura zuwa ƙauyensu maigidana, can gaba da Baure, bikin ƙanwarsa. Ya ajiye ni ya koma bakin aiki.

Ni kuwa sana'ata sayar da atamfa da leshi ta waya, kuma an gaya mini sabis a garin sai an hau tudu. Don haka na taho da mifi ɗina, 'yar na'urar nan mai kamar sabulun wanka da ake sa wa layi ta raba wa wayoyi data. Na rataye ta a tagar ɗakin Inna, uwar mijina, inda take ɗan kamawa. Kafin azahar na zama tauraruwa, 'yan mata sai miƙo wayoyi suke ina sa musu lambar sirri da hannuna. (Da hannuna, ku lura. Ban yarda kowa ya gani ba.)

Sai na yi muku bayanin gidan. Mijina sunan kakansa ya ci, wato mahaifin Malam surukina, shi ya sa babu mai kiran sunan a gidan, kowa Baba Ƙarami yake ce masa. Ni kuma da nake matarsa, ai ko a mafarki ba na kama sunan a gaban manya ba. Malam kuwa mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sukan natsu. Tsoronsa nake ji ƙwarai, tun da aka kawo ni ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Bayan la'asar Inna ta shigo fuska a jagule. Ƙanen Malam da ke zaune a Madina yana asibiti, an ce jikin ya yi tsanani, yana son ganin fuskar yayansa, wayar Malam kuma ta ƙi kamawa.

"Ɗauko abin nan naki, Malam na kira," in ji ta.

Na durƙusa a bakin ƙofa, mayafi har hanci, na tura mifi kan tabarma. Akwai dattawa biyu a ɗakin. Malam ya gyara tabarau, ya laluba wayarsa, ya ce, "Ta ce a sa lambar sirri. Faɗi in rubuta."

Ranar da na sayi na'urar ina cikin ɗokin amarci, kuma da ɗokin na zaɓi abin da na sa.

"Malam, ko a miƙo in sa?" na ce.

"Ina gani sarai. Faɗi, mutum na can kwance."

Nan na yi dabarar da har yau nake jin haushinta: na ce bari in faɗa harafi-harafi, wai ba zai gane ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa yara haɗa baƙi!

"Ha," na ce. Ya danna. "A. Ra. U."

"Haru," in ji Malam, yana haɗawa a fili.

"Na. A."

Sunan mahaifinsa ne ya fito a tafin hannunsa, daga bakin surukarsa. Wani dattijo ya yi tari. Inna da ke bayana ta ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa. Ni kuwa har na fara tunanin wace mota zan hau in koma gidanmu.

"Shi ke nan?" Malam ya tambaya.

"Da saura."

Na runtse ido na ƙarasa. Za, u, ma, a, na, a. Shi kuma bai fasa haɗawa ba.

"Zu... ma... na." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Zumana."

Wallahi da ana mutuwa don kunya, da a gidan aka yi mini sutura. Sai ga wayar ta kama, fuskar ƙanensa ta fito, Malam ya ce, "Ɗan'uwa, ya jikin?" da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba. Na ja da baya da rarrafe, na bar takalmina ɗaya a wurin.

Kwana biyun da suka rage a ƙuryar ɗaki na yi su, ina jiran hukunci. Ko tari Malam ya yi a tsakar gida sai in ƙara lafewa. Ranar tafiya Inna ta biyo ni mota da wata kwalba a leda, tana danne dariya.

"In ji Malam, zuma ne. Ya ce ki riƙe, ko na gidanki zai ƙare."

Na koyi darasi: kada ka sa wa na'ura kalmar da ba za ka iya faɗa a gaban surukinka ba. Amma har yau ban canza ta ba. Wayar Malam ta riga ta haddace, da na shiga gidan take kamawa da kanta. In na canza, sake kirana zai yi in faɗa.