Liƙin da Na Yi wa Mai Saksofon

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Birmingham ba. Da ana janye rana kamar yadda ake janye magana, ita zan fara janyewa, in zauna gida a unguwarmu Levenshulme ta Manchester in sha shayina.

Ɗana Nasiru ne sanadi. Mun yi ta fatan yaron nan ya zama likita, sai ya shiga uni, wato jami'a, ya ce tarihin kiɗan jazz zai karanta (idan mutanen masallaci suka tambaye ni, "tarihi" kawai nake cewa in nemi takalmina). Karatuna bai wuce firamare ba, amma a harkar kiɗa ban yarda wani ya fi ni ba, don a Kano gidanmu katanga ɗaya ne da gidan masu algaita. Duk sanda Nasiru ya kunna mini tsofaffin faya-fayan baƙaƙen Amurka, sai in ce ai algaitarmu ce aka shafa wa fenti. Ya ce, "Baba, ka dai saurara." Ina masani irina ya ga lokacin saurare?

Bincikensa a kan wani tsoho ne mai busa saksofon, ƙahon ƙarfen nan mai lanƙwasa. Mutumin ya zo Birmingham daga Jamaika tun yana saurayi, ya yi ta busa a gidajen rawa har ya tsufa, amma ba a taɓa ɗaukar busarsa a faifai ba. Ga ƙirji ya lalace, GP, wato likitansa, ya hana shi busa. Nasiru ya yi ta lallashinsa har ya yarda zai busa waƙa ɗaya a gaban mutane a ɗauka. Sau ɗaya tak, don numfashinsa ba zai kai na biyu ba.

Nasiru ya gayyace mu ni da uwarsa Hajiya. Na zuba babbar riga, na cusa sababbin takardun kuɗi a aljihu. Hajiya ta gani. Muna cin abincin rana a unguwar Sparkbrook ta Birmingham ta ce, "Alhaji, can ba gidan biki ba ne, ka zauna kamar kowa." Na ce mata tun ba ta san hanyar makaranta ba nake shiga cikin makaɗa.

Ɗakin ƙarami ne, ga na'urorin ɗaukar sauti ko'ina. Nasiru ya tashi ya yi bayani cewa da jar fitila ta kama, ko tari a riƙe. Na ji sarai. Na ɗauka da Turawa yake.

Tsohon ya fara busa a hankali, mai piyano na bin sa a baya. Ko ni da na zo da raini sai da tsigar jikina ta tashi. Can a tsakiya sai ya tsaya cak, mai piyano ma ya ɗaga hannu. Shiru.

To, a garinmu idan makaɗi ya yanke kiɗa ana tsaka da daɗi, ko yaro ya san abin da ake jira. Na duba dama, na duba hagu. Farfesoshi sun rufe ido, ba wanda hannunsa ya doshi aljihu. Na ce a raina, wannan wace irin rowa ce? Dattijo ya busa ƙirjinsa ya ƙare, a bar shi yana jira? Ai yau sai na nuna musu yadda ake karrama mai sana'a.

Na miƙe, na gyara hannun riga, na taka har gabansa, na buɗe murya: "Allah ya ja zamanin sarkin busa! Busa, muna nan!" Na manna masa takarda a goshi.

Kuɗin ƙasar nan kamar leda suke, ba sa kama gumi. Ta farko ta zame ta bi ta hancinsa. Ta biyu ta faɗa cikin bakin saksofon. Ni kuma, don in cika rashin hankalina, na zura hannu zan ciro ta.

Ashe shirun nan shi ne zuciyar waƙar. Ta marigayiya matarsa ce, kuma a nan yake tara numfashi don layin ƙarshe, wanda duk aka taru dominsa. Bakinsa na kan ƙahon dariya ta ƙwace masa, ƙahon ya yi wani kuka kamar na akuya. Dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, aka zaunar da shi aka kawo ruwa. Jar fitila ta mutu. Na juyo na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, Nasiru kuwa ƙasa yake kallo.

Da tsohon ya sami numfashi, ya tambayi Nasiru me na ce, aka fassara masa. Ya girgiza kai ya ce tunda yake busa, yau ne aka fara biyan sa bai gama aiki ba. Ya riƙe hannuna ya gode. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka kama hanyar komawa Manchester. Hajiya ta ce, "Sannu da aiki, sarkin liƙi."

Tsohon bai ƙara busa ba, sanyin shekarar ya tafi da shi. Faifan nan shi kaɗai ya bari a duniya, ba layin ƙarshe, sai muryata. Wani mai sharhin jazz har ya rubuta a mujalla cewa wani da ba a san ko wane ne ba ya katse waƙar da wani harshen Afirka. Sunan da na yi a tarihi ke nan.

Yanzu na koyi saurare. Nakan kunna faifan in bi shi har wurin shirun, sai in kashe kafin in miƙe. Don Allah, idan ɗanku ya kai ku wurin jazz kuka ji an yi shiru, ku bar hannunku a kan gwiwa. Ba ku ake jira ba.