An Rufe Saboda Hadari

Wani ne a wani ƙauye can bayan Yusufari, inda rairayi ya fi mutane yawa. Manomin gero ne, ba shi da wata sana'a bayan ita. To shekarar nan damina ta ƙi zuwa. Aka yi Babbar Sallah, aka cinye nama, aka dawo kan ƙashi, sama tana nan garau ko ɗigon gajimare babu. Mutumin ya yi binne, zafin ƙasa ya ƙone irin. Ya sake yi, ɓeraye suka tone. Abin da ya rage masa ɗan iri ne a gindin buhu. Ya ɗaure bakinsa tamau ya rataye a ɗaka.

Matarsa Gumsu kuwa kullum idonta na kan buhun nan.

Ta ce, "Malam, rumbu fa ya ƙare. In ruwa bai sauka ba, wallahi daka shi zan yi in dama mana kunu."

Ya ce, "Ki daka iri? Mu shuka me?"

"Ka shuka a ina? A cikin toka?"

Ana cikin haka sai maƙwabcinsa Modu ya dawo daga Gashua da bidiyo a waya. Ashe wani Alhaji ne ya kawo kayan wasan Sallah ya kafa a wani fili. Ga ƙananan motoci, ga dawakin roba masu zagayawa. Ga kuma wani ƙaton lilo kamar tayar keke a tsaye, an rarrataye masa kujeru, yana ɗaga mutane sama yana sauko da su.

Modu ya ce, "In ka kai can ƙololuwa, har Nijar kana hangowa."

Mutumin ya riƙe baki. "Har Nijar? To ai in na hau zan hango inda ruwanmu ya maƙale."

"In ka hango fa?"

"Sai in dawo in gaya wa Gumsu ga shi nan tafe, ta sakar mini buhuna."

Washegari ya zuba kayan Sallarsa, farar babbar riga da jar hula, ya hau bayan akori-kura tsakanin awaki, sai Gashua. Ya tarar da layi, ya bi. Layi na tafiya, yana kallon lilon nan yana haɗiyar yawu. Saura mutum ɗaya a gabansa sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta ɗauki rumfar mai lemo ta ɗora a kan rumfar mai tsire. Mai gadin wurin, wani siririn mutum mai suna Usaini, ya hura usur, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo.

Mutumin ya matsa, ya yi masa gaisuwar garinsu. "Wushe, mai gadi. Lilo zan hau."

"An rufe."

"Subhanallahi. Rasuwa aka yi?"

"Hadari."

"To ai shi na zo nema!"

"Ga shi nan ka samu. Koma gida."

"Don Allah bari in hau in ga inda ya nufa."

Usaini ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi babbar rigar da iska ta cika. Ya ce, "Da wannan rigar, in ka hau kai za ka riga shi isa."

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya gudu neman mafaka, shi kuwa ya tsaya a tsakiyar titi yana dariya, ruwa na dukansa. A ransa ya gama shuka, ya gama noma, har ya fara ɗaure dami. Ya hau mota jiƙe sharkaf. Tun kafin su kai Yusufari hanya ta bushe. Da suka shiga ƙauyensu, ko ƙamshin ruwa babu.

Gumsu ta ga rigarsa na ɗiga. Ta ce, "Malam, rijiya ka faɗa?"

Bayan kwana biyu aka ce Alhaji ya kwashe kayan wasan ya koma Nguru, wai can sama ta fi lafiya. Mutumin ya sake saka kayan Sallah. Wannan karon ya yi dabara. Duk wanda ya tambaye shi a mota sai ya ɗaga murya ya ce, "Busasshen kifi zan sayo!" Suka wuce Jajimaji rana na ƙwala, suka shiga Nguru rana na ƙwala. Ya sauka, ya yi kamar zai nufi kasuwar kifi, sannan ya yi kwana da gudu sai ƙofar wurin wasa.

Ƙafarsa ta dama na taka bakin ƙofa, aradu ta faɗi.

Usaini ya leƙo. "Kai ne kuma?"

"Ni ne. Yau dai..."

"An rufe saboda hadari."

Ranar an sha ruwa a Nguru. Filin ya zama tafki. Dawakin roba ruwa ya kai musu wuya. Da aka ɗan tsagaita, mutumin ya leƙa ta jikin wayar shinge, sai ya hango kwaɗi sun hau kujerun lilo sun jeru suna kuka.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Mai gadi, wannan wane irin zalunci ne? Kwaɗi sun hau, ni da na zo daga Yusufari ban hau ba?"

Usaini ya ce, "Su ba ta ƙofa suka shiga ba."

Ya koma gida. Ƙauye a bushe. Gumsu ta fito da turmi ta wanke ta kife a rana inda zai gani.

Zuwa na uku kam labarinsa ya riga shi isa. Alhaji ya mai da kayan Gashua. Mutumin na saukowa daga mota, tun daga nesa Usaini ya hango jar hula. Bai ko ɗaga kai ya dubi sama ba, ya hura usur ya danna kwaɗo. Mai lemo ya naɗe rumfa. Mai tsire ya rufe wuta da faranti. Iyaye suka saɓi 'ya'yansu suka zuba a guje.

Mutumin ya iso yana haki. "Haba mai gadi! Dubi sama fa, fes take!"

Usaini ya ce, "Jira."

Bai rufe baki ba sai ga ƙanƙara.

Alhaji ya ce shi kam ya haƙura. Ya sa aka kwance lilo aka loda a tirela aka yi Kano da shi. Aka bar Usaini a bakin fili, daga shi sai usur da kwaɗo, ba aiki.

Mutumin namu ya zauna a tasha yana matse hula, yana tunani. Kun san irin waɗannan mutane, tunaninsu shi ne babban hatsarinsu. Ya ce a ransa, Gashua an yi ruwa, Nguru an yi ruwa, gonata ba a yi ba. Me Gashua take da shi wanda gonata ba ta da shi? Lilo. Me kuma? Mai gadi. Sai kuma ni a bakin ƙofa da kayan Sallah. Ashe ruwan bana ba gona yake nema ba, wurin wasa yake so ya rufe!

Ya miƙe zumbur ya koma wurin Usaini.

"Mai gadi, ka samu aiki. Tuwo safe da yamma, in an yi girbi kuma da daminka."

Usaini ya ce, "Ni fa da doka nake aiki, ka ji tun yanzu. In sama garau, ƙofa a buɗe. In hadari ya haɗo, a rufe. Kuma ba na buɗewa sai na taɓa ƙasa na ji ta bushe. Ko Alhaji ne da kansa ba ya shiga."

"Madalla! Irinka nake nema."

Suka taho ƙauye tare. Mutumin ya zagaye gonarsa da ƙaya. Ya samo tsohon kwanon rufi ya yi ƙofa, Usaini ya maƙala kwaɗonsa. Akwai aduwa ɗaya a tsakiyar gonar, ya kwance igiyar gugan Gumsu ya ɗaure tsohuwar taya a reshe, lilo ya samu. Dawakin roba kuwa, jakinsa ya ɗaure a turke ya ce ya riƙa zagayawa. Jakin ya kwanta. Ya rataye rediyo a jikin aduwa ya ƙure murya.

Goni, limamin ƙauyen, ya zo wucewa ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Kai wane, ka ji tsoron Allah. Ruwa fa na Allah ne."

Ya ce, "Na sani, Baba Goni. Ni masauki kawai na gyara masa."

Da safe ya yi wanka, ya saka babbar riga da jar hula, ya taho yana taku ɗai-ɗai kamar baƙo. Ya yi sallama a ƙofar gonarsa.

"Wushe, mai gadi. Lilo zan hau."

Usaini ya dubi sama. Ya ce, "A buɗe yake. Shiga."

"A'a, rufe mana!"

"Ina hadarin?"

"In ka rufe zai zo."

"In ya zo zan rufe."

"Ranar nan a Gashua ai ba hadari ka rufe."

"Wancan Gashua ne. Nan ban san halin samanku ba tukuna."

Ba yadda ya iya. Tun da ya ce lilo zai hau, kuma yana tsoron kada a gane wasan ba na gaske ba ne, dole ya shiga. Sai ga magidanci da gemunsa a cikin taya, babbar riga na jan ƙasa, yana lilo a tsakiyar rana, rediyo na ba da labarin duniya. Mutanen ƙauye suka jeru a bayan ƙaya suna kallo. Wasu har da tabarma. Haka aka yi ta yi kullum. Usaini yana cin tuwo yana ƙiba, mutumin yana lilo yana ramewa, ga jiri.

Ranar da Gumsu ta kankare tukunya ta ga ba abin ɗorawa, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sauko da buhun nan, ta kwance, ta juye irin a turmi. Mutumin na ɗaka yana ɗaura hula, ya ji ƙarar zubar hatsi. Ya fito da gudu ya tarar ta ɗaga taɓarya.

"Gumsu, don girman Allah!"

"Malam, mai gadinka ya cinye mu. Matsa."

Taɓarya na sama, sai wata iska mai sanyi ta kaɗo. Kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu. Su duka biyu suka waiga gabas. Baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama.

Mutumin ya kife turmin a cikin babbar rigarsa, ya tattare irin ya mai da buhu, ya fizgi sungumi, ya zuba a guje. Ruwa ya sauko. Ruwa na gaske, irin wanda tsofaffi ke cewa rabonsu da shi tun suna samari. Ƙauye ya ruɗe da guɗa. Kowa ya fito da sungumi da ƙwaryar iri, don ƙasar rairayi ba ta riƙe laima, in ka yi wasa rana ɗaya ta shanye.

Ya iso ƙofar gona. Kwaɗo a danne. Usaini na tsaye ya lulluɓa da buhun taki, usur a baki.

"An rufe saboda hadari."

Mutumin ya yar da sungumi ya rungume shi. "Allahu Akbar! Ya yi aiki! Usaini, ya yi aiki! Sake faɗi in ji!"

"An rufe saboda hadari."

Ya yi rawa a cikin ruwa har hularsa ta zuba masa ja a fuska. Can ruwa ya koma yayyafi. Ya duba dama, Modu da iyalansa sun yi nisa da shuka. Ya duba hagu, har Goni ya naɗe ƙafar wando yana saran rami. Ya ɗauki sunguminsa.

"To, mai gadi, buɗe in shuka."

Usaini ya sunkuya ya taɓa ƙasa. Ya girgiza kai. "Da saura. Ba ta bushe ba."

"In ta bushe me zan shuka?"

"Wannan kuma ba aikin mai gadi ba ne."

"Usaini, ni fa na ɗauke ka aiki!"

"Alhaji ma shi ya ɗauke ni. Tambaye shi ko ya taɓa shiga."

Mutumin ya samu gefen ƙofa ya tsuguna, buhun iri a cinya, yayyafi na sauka a kansa. Can daga bakin ƙauye ga Gumsu nan tafe, taɓarya a kafaɗa. Modu ya ɗago daga shuka ya hango shi a tsugune, abin ya ishe shi. Ya taho har bakin shinge ya daka masa tsawa.

"Kai wane irin mutum ne? Ƙayar nan ko akuya tana tsallake ta! Haura ka yi shukarka mana, ba gonarka ba ce?"

Mutumin ya yi tsalle ya toshe wa Modu baki da hannu. Ya saci kallon sama, ya sauke murya can ƙasa.

"Rufa mini asiri, Modu! In ruwan nan ya ji gona ce, Gashua zai koma."