Motar da ba ta numfashi sai a shinge

Jama'a, shekaranjiya akori-kurata ta mutu sau huɗu tsakanin Badaguishiri da Konni, ɗauke da kwando ashirin na tumatirin Yaya Nasiba. Ita ce ta goya ni, kuma tun da mijinta ya tafi cin rani bai waiwayo ba, lambun nan ne ke riƙe da gidanta. Wata uku tana jan guga a kansa. Ta ce dillalan Konni ba sa jiran kowa bayan hantsi, ni kuwa na bugi ƙirji na ce ta shigo gaba ta zauna.

Kwana biyu na yi a layin gidan mai kafin a tsiyaya mini lita goma sha biyu. Masu girma da suka rantse a rediyo cewa mai zai wadata, Allah ya ƙara musu lafiya, ba a ganin motocinsu a layi. Ina jin da addu'a suke tafiya. A turmutsitsin nan murfin tankina ya yi ƙafa. Maƙwabcina Sallau, wanda ko amalanke bai taɓa kora ba amma ya san komai, ya ce:

"Kai dai ba ka da wayo. Isansi, man mota ke nan, iska shika bi. In ka bar bakin ga sake, kahin ka kai Tajaye rabi ya tahi sama. Ɗamre shi tamau!"

Na ninka leda uku, na naɗe ta da roba har jijiyar wuyana ta tashi.

Ba mu yi nisa ba mota ta yi tari, ta yi shiru. Na kwance buji na hura, na ƙwanƙwasa kan batir da dutse, na zage ta, na roƙe ta. Ko gezau. Muka tura. Alhamdu lillahi, a hanyarmu duk inda ka mutu akwai shinge kusa, domin an kafa sabon Kwamitin Sansanar Tanki don yaƙi da ruwa-ruwa, wato man da ke shigowa ta bayan fage. Ranka ya daɗe Sarkin Igiya, mai tsaron igiyar shingen, ya taso daga inuwa, ya kwance ledata, tanki ya ce fuuu, ya zura tiyo ya cika kwalba.

"Ta bincike ce," in ji shi.

Na mayar da ledata na ɗaure. Ina murɗa makulli, mota ta tashi kamar sabuwa! Gaba da Tajaye ta sake mutuwa, muka sake turawa zuwa wata igiyar, wani Sarkin ya sake bincike, ta sake tashi. Wallahi har na fara jin kunyar zagin da nake yi musu a wannan shafi. Na ce wa Yaya, bayin Allah nan hannunsu da albarka.

"Albarka ko?" ta ce, tana leƙen kwandunanta. "Ni dai rana nika gani tana hawa."

Mutuwa ta uku a bakin Tsarnawa ta same mu, gaban rumfar wani bakanike, Rabi'u. Bai taɓa injin ba. Tambaya ya yi ta yi: tana tari kafin ta mutu, ko ɗif take ɗaukewa? Da sanyi ko sai ta yi tafiya? Me ake yi mata ta tashi? Da na ba shi labarin masu albarka, sai ya zagaya ya tsaya kan ledata, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wa ya shaƙe ma wagga baiwar Allah wuya? Tanki numhwashi shikai. Mai na hita, iska na shiga. Ka toshe iska, pompon mai ya ja ya ja har shi gaji. Su waɗancan ba gyara sukai ba, buɗewa kawai sukai."

Ya ɗauki ƙusa ya huda ledar. Aikin ke nan. Ni da na kwance buji har sau uku, na tsaya ina kallon ƙasa.

Daga nan mota ta miƙe lafiya lau. A igiya ta uku na ce ranka ya daɗe, an riga an bincika sau biyu. Ya ce wancan binciken na can ne, wannan na nan ne, ya cika tasa kwalbar. Muna hango Konni mota ta yi mutuwa ta huɗu, kuma wannan ba ta bukatar bakanike: tanki ya bushe ƙaraf. Abin da ya cece ni, wani mai ruwa-ruwa ne da ya baje tebur taku kaɗan daga igiyar nan ta uku. Ba na rantsuwa, amma kwalbar da ya sayar mini kamar na santa.

Bayan azahar muka shiga kasuwa. Dillalai sun loda sun tafi. Jan ruwa na ɗiga daga bayan mota, ƙudaje sun yi mana rakiya. Yaya Nasiba ta tura hannu cikin kwando, ta zaro shi jage-jage, ta daɗe tana kallonsa. Da ma ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Bari dai, ƙanena," ta ce. "Maishe ni gida in yanka abin da ya rage in shanya."

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gyaru ba. Wautar leda tawa ce, na ɗauka. Amma kwalba uku ba ni na sha ba.

Jiya na je gaishe ta, na tarar tana tsugune tana yanka kauda, rediyo na gefenta. Sai ga sanarwa: Kwamiti ya yi nasara ƙwarai, saboda haka za a faɗaɗa bincikensa ya haɗa da kayan lambu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Su taho," ta ce. "Bana dai sun makara, ƙudaje sun riga su."